Gyaran Mudu Ana Tsakiyar Ciniki: Dalilin da Ya Sa Masu NumPy Suka Yi Daidai

A ƙaddara ɗalibai biyu aka ba aikin lissafi iri ɗaya a farkon shekarar 2024: su haɗa kuɗin ayyuka biyu, kowanne na sefa biliyan biyu, da manhajar NumPy. Na farko kwamfutarsa na aiki da Linux, na biyu da Windows. Umarnin da suka rubuta ɗaya ne, harafi da harafi. Na farko ya sami 4,000,000,000, amsar da ɗan firamare ma zai bayar. Na biyu kuwa allonsa ya nuna masa -294,967,296, wato dukiya ta koma bashi, kuma babu gargaɗi, babu jan rubutu, babu wata alamar cewa an yi ɓarna. In idonsa ya kai kan lambar, ya tsira. In kuwa jimillar tana binne a tsakiyar lissafi mai matakai talatin, amsar ƙarshe za ta fito da kamannin gaskiya, a zuba ta cikin rahoto, a sa hannu.

Musabbabin abin ba shi da wuyar fahimta. Kwamfuta tana ajiye cikakkiyar lamba a cikin gurabe ƙididdigaggu, kowane gurbi sifili ko ɗaya. Idan guraben 32 ne, lamba mafi girma da za ta shiga ita ce 2,147,483,647. Abin da ya haura haka sai ya tumbatsa ya zagayo ta baya, kamar yadda ƙarfe goma sha ɗaya da awa biyu ke ba da ƙarfe ɗaya a fuskar agogo. NumPy ta gaji ma'auninta na cikakkiyar lamba daga harshen C, shi kuwa wannan ma'auni gurabe 64 ne a Linux da Mac, amma 32 ne a Windows. Shekara da shekaru ana tafiya a haka. Sai ranar 16 ga Yuni, 2024, da aka fitar da NumPy 2.0, aka mayar da ma'aunin Windows na zamani gurabe 64, ɗalibi na biyu ya fara samun amsar ɗan'uwansa.

Wannan gyara, da wasu da suka zo tare da shi, sun jawo ƙorafi mai yawa, domin sun karya tsofaffin shirye-shirye, sun kuma sauya wasu amsoshi. Ƙorafin yana da tushe. Duk da haka masu kula da NumPy sun yi daidai, kuma hanyar da suka bi ta fi gyaran kansa cancantar nazari.

Kafin a shiga hujja, ya dace a tsaya kan kalmomi, tunda fanni ne da Hausa ke kan ƙirƙira wa sunaye. NumPy taskar manhaja ce: tarin ayyukan lissafi da aka riga aka rubuta aka adana, mai rubuta shiri a harshen Python ya ɗebo abin da yake buƙata maimakon ya ƙirƙiro shi daga tushe. Wasu kan ce laburare, amma taska ta fi kama ma'anar, domin abin ɗiba ne a yi aiki, ba abin zama a karanta ba. Buɗaɗɗiya ce, ma'ana rubutun cikinta a fili yake, kowa na iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, kuma ba a biyan ko sisi. Aibin da ke cikin shiri kuwa Turawa na kiransa da sunan ƙwaro. Akwai sanannen labari na 1947, lokacin da masu aiki da na'urar Mark II a Jami'ar Harvard suka ciro wani ɗan ƙwaro mai fiffike daga cikinta suka manna shi a littafin aiki, ko da yake kalmar ta girmi wannan rana. A Hausa ba a buƙatar aron hoton. Kuskure ko aibi sun wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bambancin gyara da kwaskwarima. Kwaskwarima tana taɓa fuska, ta bar ciki yadda yake. Gyara yana shiga ciki, kuma a taskar lissafi, shiga ciki yana nufin wata lamba a wani wuri za ta sauya.

Nauyin maganar yana fitowa ne idan aka san abin da ke zaune a kan wannan taska. Asalinta wata taska ce mai suna Numeric, wadda Jim Hugunin ya fara a 1995. Daga baya masu nazarin taurari a cibiyar da ke kula da binciken na'urar Hubble, a birnin Baltimore na Amurka, suka ƙirƙiro wata mai suna Numarray saboda manyan hotunan da suke sarrafawa. Jama'a suka rabu gida biyu, har Travis Oliphant ya haɗe su a 2005, aka fitar da NumPy 1.0 a 2006. Tun daga nan aka riƙa gini a kanta: SciPy, pandas, Matplotlib, scikit-learn da ɗaruruwan wasu. Manhajar da aka yi amfani da ita wajen haɗa hoton baƙin ramin sararin samaniya na farko, wanda aka nuna wa duniya ranar 10 ga Afrilu, 2019, tana dogara da NumPy. Haka ma wani ɓangare na nazarin bayanan LIGO, cibiyar da ta fara jin girgizar sararin samaniya a Satumban 2015. Ɗalibin kimiyyar noma a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko na tattalin arziki a Marwa ko Tamale, da ya sauke NumPy, ainihin taskar da waɗancan masana ke aiki da ita ya samu, ba ragowarta ba. Wannan shi ne alherin buɗaɗɗiyar manhaja ga wanda ba shi da kuɗin lasisin manhajojin kasuwa. Amma yana nufin cewa aibin ma ɗaya ne ga kowa.

Mudu ne da kasuwanni dubu ke awo da shi. Idan aka gano bakinsa ya lotsa, akwai zaɓi biyu: a bar shi saboda kowa ya saba, ko a gyara, a jure rigimar da za ta biyo baya tsakanin wanda ya auna jiya da wanda zai auna gobe.

Ba kowane gyara ne ke tayar da ƙura ba. Mafi yawansu ba a ma jin su, kuma wasu daga cikin mafi amfani suna cikin waɗannan. Misali shi ne yadda NumPy ke tara jimilla. Lamba mai ɗigo, wato wadda ke iya ɗaukar ɓangare kamar 3.75, ba a ajiye ta cif a kwamfuta; ana datse ta gwargwadon guraben da ake da su, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda William Kahan na Jami'ar Berkeley ya yi fice wajen tsarawa. Shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004 a Python. A ma'aunin gurabe 32, da zarar jimilla ta kai 16,777,216, ƙara mata ɗaya ba ya motsa ta, domin ɗayan ya yi ƙanƙanta da za a iya rubuta shi a gefenta. Ke nan wanda ya tara ɗaya sau miliyan ashirin, bi da bi, zai tsaya cak a 16,777,216, ya yi asarar sama da miliyan uku. A fitowa ta 1.9, a shekarar 2014, aka sauya dabara: a raba jerin gida biyu, kowane gida a sake raba shi, a tara ƙananan rukunoni, sannan a haɗa jimillolinsu, ta yadda babbar lamba ba ta haɗuwa da ƴar mitsitsiya. Da wannan sai amsar ta fito 20,000,000 daidai. Miliyoyin mutane sun amfana ba su sani ba. Abin yabo kuma shi ne littafin jagorar taskar bai ɓoye iyakar dabarar ba. Ya faɗa cewa idan ana tarawa ta wani gefen jadawali, ingancin ya danganta da gefen da aka bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan ya nuna wa baƙo wurin.

To amma a lura: wannan gyara ma ya sauya amsoshi. Wanda ya yi lissafi da fitowa ta 1.8 ya maimaita da 1.9 zai iya ganin lambobin ƙarshe sun bambanta. Babu wanda ya ce a mayar da tsohuwar dabara, domin sabuwar amsar ta fi kusa da gaskiya. Wannan ya isa ya rushe da'awar cewa taskar lissafi ba ta da haƙƙin sauya amsa. Tambayar da ta rage ita ce yaushe, kuma ta wace hanya.

Gyaran da ya fi jawo muhawara a NumPy 2.0 ya shafi abin da ke faruwa idan aka haɗa lambobi masu ma'auni daban. A da, NumPy tana leƙa ƙimar lambar kafin ta yanke hukunci. Idan akwai jerin lambobi masu gurabe 8, irin waɗanda ake ajiye hasken hoto da su, daga 0 zuwa 255, aka ƙara musu 200, sakamakon yana zama a gurabe 8. Idan aka ƙara 300, sai taskar ta faɗaɗa ma'aunin da kanta zuwa gurabe 16. A ido wannan kamar kirki ne. A aikace tarko ne, domin nau'in amsar ya dogara da lambar da ta zo a ranar. Shiri zai yi wata shida yana aiki lafiya, ranar da wata ƙima ta haura iyaka sai ya sauya hali, ya ci ƙwaƙwalwar kwamfuta ninki biyu ko ya ba wani shirin abin da bai zata ba. Mafi muni, lamba guda da jeri mai ɗauke da wannan lamba ɗaya tak ba sa bin ƙa'ida ɗaya. Sebastian Berg, ɗaya daga cikin masu kula da taskar, ya rubuta shawarar gyara mai lamba 50 a jerin shawarwarin NumPy, inda ya nemi a daina leƙen ƙima: nau'in amsa ya dogara da nau'in abin da aka haɗa kawai. Aka yi shekaru ana tattaunawa a fili kafin a zartar.

Sabuwar ƙa'ida ta fi tsabta, amma ba za a ce ba ta da ƙaya ba. Yanzu idan aka ƙara 300 a kan jeri mai gurabe 8, shirin yana tsayawa ya yi ƙorafi, wanda shi ne daidai. Idan kuwa lamba guda ce mai gurabe 8, ƙimarta 100, aka ƙara mata 200, a da ana samun 300. Yanzu ana samun 44 tare da gargaɗi, domin 300 ta tumbatsa ta zubar da 256. Ga wanda ya rubuta shirinsa a 2019 ya manta da shi, wannan koma baya ne ƙarara. Gargaɗin yana fitowa, gaskiya ne, amma wa ke karanta gargaɗi a tsakiyar layi dubu? Masu suka suna da hujja a nan, kuma bai kamata a share ta da cewa laifin mai shirin ne ba.

Abin da za a auna shi ne wane haɗari ya fi girma. Tsohon hali yana da ƙa'idar da ƙwararru ma ba sa iya riƙewa a ka, don haka kuskurensa ba ya ƙarewa. Kowace shekara sababbin ɗalibai za su faɗa ramin. Sabon hali yana da ƙa'ida guda da za a koyar a darasi ɗaya, kuma wahalarsa ta lokacin sauyi ce. An zaɓi a sha ɗaci sau ɗaya. Tarihin injiniya ya nuna abin da barin tsohon zato ke jawowa: rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ranar 4 ga Yuni, 1996, kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kourou, saboda wani shiri da aka gada daga Ariane 4 ya yi ƙoƙarin cusa lamba mai gurabe 64 cikin gurabe 16. Shirin ya yi aiki lafiya a tsohuwar roka domin lambar ba ta taɓa girma haka ba. Babu ruwan NumPy da wannan hatsari, amma ciwon iri ɗaya ne: halin da ya dogara da ƙimar da ta zo a ranar.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zafi a lokacin. NumPy 2.0 ta sauya yadda sauran taskoki ke manne da ita ta ciki, don haka duk taskar da aka harhaɗa bisa tsohuwar fitowa sai an sake harhaɗa ta. A makonnin farko mutane da yawa sun sauke sabuwar ba da niyya ba, shirye-shiryensu suka ƙi tashi. Ga mai aiki a ofishin da intanet ba ta yankewa, matsalar rabin awa ce. Ga ɗalibin da ke sayen data da ƴan kuɗin abincinsa, sake sauke taskoki biyar ko shida asara ce ta gaske, kuma masu yanke shawara a irin waɗannan ayyuka ba safai suke tuna shi ba.

Sai dai a duba abin da aka yi kafin ranar. Tsakanin 1.0 da 2.0 shekara goma sha takwas ne. Taskar da ta jira haka kafin ta karya alƙawarin jituwa ba za a zarge ta da gaggawa ba. An fitar da fitowar gwaji tun watan Maris na 2024 domin masu sauran taskoki su shirya. An rubuta jagorar ƙaura, an kuma sa wata ƙa'ida a manhajar Ruff da ke bin rubutun shiri ta sauya tsofaffin sunaye da kanta. An bar fitowa ta 1.26 a inda take ga duk wanda bai shirya ba. Sauya lambar farko daga 1 zuwa 2 ma sanarwa ce, kamar tutar da ake kafawa a bakin rami. Al'adar gidan ke nan tun da: sunaye irin su np.float da np.int an fara gargaɗi a kansu a fitowa ta 1.20, a Janairun 2021, ba a cire su ba sai a 1.24, a Disamban 2022. Kusan shekara biyu shirin na faɗa wa mai shi, duk lokacin da ya tashe shi, cewa wannan suna zai tafi da abin da zai sa a madadinsa. Wanda ya toshe kunne tsawon wannan lokaci, kukansa na ranar cirewa ba shi da nauyi sosai.

Ƙorafi na uku shi ne mafi daraja, domin ya taɓa zuciyar kimiyya. Bincike ba ya tabbata sai wani ya iya maimaita shi ya sami abin da aka samu. Idan taskar da aka yi lissafi da ita tana sauyawa, yaya za a tantance sakamakon 2016 a 2026? A nan ne masu NumPy suka nuna cewa sun san inda ake taɓawa da inda ake bari. Misalin shi ne lambobin ƙuri'a, wato lambobin da kwamfuta ke fitarwa kamar an jefa ƙuri'a, waɗanda ake kwaikwayon yaɗuwar cuta ko zaɓen samfurin gidajen da za a yi wa tambayoyi da su. Ba ƙuri'a ce ta gaskiya ba. Ana ba injin wata lamba da ake kira iri, kuma iri ɗaya kullum jeri ɗaya yake haifarwa, abin da ke ba da damar maimaita gwaji. Tsohon injin NumPy ya dogara da dabarar Mersenne Twister ta masanan Japan biyu, Matsumoto da Nishimura. An daɗe da sanin hanyoyin da suka fi sauri da inganci, amma alƙawarin cewa jerin ba zai sauya ba ya ɗaure hannun masu gyara. Mafitar da Robert Kern ya tsara, aka aiwatar a fitowa ta 1.17 a 2019, ita ce a daskarar da tsohon injin yadda yake, a gina sabo a gefensa bisa dabarar PCG64, a kuma faɗa a fili cewa sabon ba ya ɗauke da wancan tsattsauran alƙawari. Mai son maimaita tsohon bincike ga injinsa nan ba a taɓa ba. Mai fara sabon aiki ga wanda ya fi.

Me ya sa ba a yi haka da ma'aunin Windows ko ƙa'idar haɗa nau'o'i ba? Domin tsohon jerin ƙuri'a ba kuskure ba ne, tsufa kawai ya yi. Amsar -294,967,296 kuwa ƙarya ce, kuma maimaita ƙarya daidai-wa-daida ba kimiyya ba ne. Binciken da sakamakonsa ya rushe saboda an gyara aibi, dama a kan aibin yake tsaye, kuma gara a sani.

Wannan ya kawo magana kan rabon nauyi, kuma kaso mai tsoka yana wuyan mai amfani. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai ba ya rubuta rahoto ba tare da faɗin na'urar da ya yi awo da ita ba. Amma ana ganin kundin digiri da ke cewa an yi lissafi da Python, a tsaya nan, kamar wanda ya ce ya auna hatsi da mudu bai faɗi na wace kasuwa ba. Rubuta lambar fitowar NumPy da ta SciPy aikin layi ɗaya ne. Adana jerin taskokin da aka yi aiki da su tare da lambobinsu, a cikin ƙaramin fayil kusa da shirin, aikin minti biyu ne, kuma shi ne ke ba wani damar sake gina yanayin bayan shekara goma, tunda tsofaffin fitowa suna nan a ajiye. Malamin da ke duba kundi ya kamata ya nemi wannan kamar yadda yake neman shekarar bugun littafin da aka ambata. Akwai kuma takardar bayanin sauye-sauye da ke rakiyar kowace fitowa. Gaskiya ne karatunta ba daɗi, da Turanci take, kuma sau da yawa an rubuta ta ne kamar ƙwararru na magana da junansu. Wannan aibi ne da ya kamata masu taskar su rage. Amma sashen da ke lissafa abubuwan da za a cire da waɗanda halinsu ya sauya bai fi shafi biyu ko uku ba, kuma nan ne amfanin yake.

Wasu kan ɗauki tsawon jerin gyare-gyare a matsayin shaidar rauni: taskar da ke gyara aibi ɗari a kowace fitowa, yaya za a amince da ita? An juya hujjar ne a kai. Manhajar kasuwa ma tana da aibi. Bambancin shi ne mai saye ba ya ganin jerin sai abin da kamfani ya ga damar faɗa. A NumPy, rahoton aibi yana shiga dandalin GitHub inda kowa ke gani, da sunan fitowar da ya shafa, da ɗan gajeren shirin da ke nuna shi. Muhawarar gyaran a fili take. Kuma bisa al'ada gyara ba ya shiga sai da gwajinsa, wato ɗan shirin da ke tabbatar da cewa aibin ya mutu, wanda za a riƙa tayarwa duk lokacin da wani ya taɓa taskar. Akwai fayil guda a cikinta da ke cike da irin waɗannan gwaje-gwaje, da yawansu ɗauke da lambar rahoton da ya haife su, wasu tun shekarun farko. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Dogon jeri alama ce ta cewa akwai masu duba kayan.

Su wane ne masu dubawar, kuma wa ke ciyar da su? Mafi yawan tarihin NumPy aikin sa kai ne na ɗaliban digiri da malamai da injiniyoyi a lokacin hutunsu. Sai a 2017 ta sami tallafi mai kauri na farko, daga gidauniyoyin Moore da Sloan, ta hannun cibiyar kimiyyar bayanai ta Berkeley, shekara goma sha ɗaya bayan fitowa ta farko. Daga 2019 gidauniyar Chan Zuckerberg ta shigo da nata. Ƙungiyar NumFOCUS, wadda aka kafa a 2012, ita ke riƙe wa aikin asusu. Ba mamaki manyan gyare-gyaren da aka daɗe ana ɗagawa, irin sabon injin ƙuri'a da ƙa'idar haɗa nau'o'i, sun zo ne bayan an sami mutanen da aikinsu na yini ke nan. Mai sa kai yana iya toshe ƙaramar ɓaraka da dare; sauya ginshiƙi yana buƙatar wanda zai zauna a kai wata da watanni. Tsarin jami'o'i kuwa har yanzu ya fi saka wa wanda ya wallafa sabuwar dabara fiye da wanda ya gyara tsohuwar da dubban masu bincike ke amfani da ita, ko da yake maƙalar da masu NumPy suka wallafa a mujallar Nature a 2020 ta ba masu bincike abin ambato, wanda shi ne kuɗin da duniyar ilimi ke biya da shi.

Aikin da ke gudana a SciPy, ƙanwar NumPy wadda aka fara a 2001 amma ba ta kira kanta 1.0 ba sai 2017, ya nuna irin wahalar da ba ta da mai yabo. A da, a cikinta akwai tsofaffin shirye-shiryen harshen Fortran 77, irin su MINPACK na neman mafita ga lissafi mai sarƙaƙiya da QUADPACK na auna faɗin da ke ƙarƙashin lanƙwasa, waɗanda aka rubuta a wajajen 1980. Ingantattu ne, an gwada su shekara arba'in, amma masu iya karanta su suna raguwa, kuma harhaɗa su a sababbin na'urori yana ƙara wuya. A ƴan shekarun nan an riƙa mayar da su harshen C layi bayan layi. Burin wanda ke wannan aiki shi ne a gama ba wanda ya ji bambanci, sai dai ƙila a lamba ta goma sha biyar bayan ɗigo, kuma ko wannan sai an rubuta shi a takardar bayani.

Ɗalibin da ke Zinder ko Garwa ba shi da gidauniyar da zai ba da tallafi, amma ƙofar rahoto a buɗe take gare shi kamar yadda take ga farfesan Berkeley. Idan amsa ta fito masa ba daidai ba, ya rage shirinsa zuwa layi biyar da ke nuna matsalar, ya rubuta lambar fitowar da nau'in kwamfutarsa, ya aika. Masu aiki da tsofaffin kwamfutoci masu Windows, da bayanai masu haruffa irin ɓ da ɗ da ƙ, da kuɗin da ake ƙirgawa da biliyoyi, suna taka wuraren da masu gyara a Turai da Amurka ba safai suke takawa ba. NumPy 2.0 ta zo da sabon nau'in adana rubutu mai tsawo daban-daban bisa tsarin UTF-8, wanda ke ɗaukar waɗannan haruffa, kuma sabon abu ne da bai daɗe a hannun jama'a ba. Jerin sunayen garuruwa da na kasuwanni da aka rubuta da ingantacciyar Hausa gwaji ne mai kyau a gare shi.